Kogin Jinzu da Lambun Yaya Hadiza

Njamena

Bayan sallar asuba ɗan klando, mai babur ɗin haya, ya ɗauke ni daga unguwar Gardole zuwa filin jirgi. Ofishinmu na kula da ruwa ne ya tura ni kwas a Japan. Na tafi da nauyi a zuciya: mun auna ruwan magudanar da wasu masu lambu ke ban ruwa da shi a unguwar Milezi, ƙasa da inda ake fasa tsofaffin batura, sakamakon bai yi kyau ba. Idan na sa hannu a rahoton, za a rufe lambunan. Ɗaya na yayata Hadiza ne, da shi take ciyar da marayu huɗu.

Toyama

Ta Adis Ababa muka bi zuwa Tokyo, sannan jirgin ƙasa ya ratsa duwatsu da mu har Toyama. Kogin Jinzu daga tsaunuka yake gangarowa arewa zuwa teku. Bai kai koginmu na Shari faɗi ba, amma ya fi shi gudu. An datse shi don wutar lantarki, kuma shi ke shayar da gonakin shinkafa.

Tafinta ya kai mu gidan wata tsohuwa manomiya. Ta ce a zamanin ƙuruciyarta wata mahaƙar ma'adinai da ke can saman kogin ta riƙa sakin gubar kadmiyam a kogin, gubar ta shiga shinkafa, ta ci ƙasusuwan mata. Mahaifiyarta tari kawai take yi haƙarƙari ya karye. Shekaru da dama aka yi ana kwashe ƙasar gonaki ana zuba sabuwa.

Ta kawo shinkafar gonarta. Hannuna ya tsaya.

"Ci, baƙo, an auna," in ji ta.

Na ci. Na tambaye ta, da wani ya zo a lokacin ya ce su daina noma fa?

"Da mun zage shi. Amma da mun daina."

Milezi

Da na dawo, daga filin jirgi can na zarce. Na tarar da Yaya tana wanke salak a kwano.

"Ɗan boko, ina tsarabata?"

Na zauna na faɗa mata komai.

"Kai da kanka za ka sa hannu?"

"Ni, Yaya."

Ta dubi kwanon, sannan ta kife shi.

"Kalas, shi ke nan. Daga gobe yaran nan a gidanka za su ci."

Na ce to. Na gode wa Allah da ya dawo da ni lafiya, na gode wa tsohuwar nan ta Toyama. Matata ba ta sani ba tukuna.