Hotunan da Ba a Zo an Karɓa Ba

Gidan da aka haife ni yana bayan tsohuwar kasuwar Batsari, a wata unguwa da a lokacin ba ta wuce 'yan gidajen laka ba, da masallaci guda, da rijiya, da karofi inda marina ke rini. Kakana na wajen uwa malamin allo ne, shi ne kuma limamin unguwar. Kowa Malam yake ce masa, har 'ya'yan cikinsa. Ban san shi sosai ba, don ina ƙarama ya rasu. Abin da nake iya tunawa shi ne dogo ne, kuma yana ɗan ɗingishi saboda wani rauni da ya ji a ƙafa tun yana saurayi.

Autan 'ya'yansa, wato kawuna, shi ne mai hoton unguwarmu. An tura shi Kano ƙaro karatu, ya dawo da karatun daidai gwargwado, ya kuma dawo da kyamara rataye a wuya. Inna, mahaifiyata, ita ce babbar yayarsa, kuma ita ta ba ni labarin yadda aka yi. Ta ce Malam bai ji daɗin abin ba, amma bai yi faɗa ba. Ya kira shi zaure ya ce tunda ya zaɓi wannan sana'a ya je ya yi, sai dai kada ya shigo masa da ita gida, kada kuma ya taɓa nuna shi da wannan abu. Kawu ya ce ya ji. Har Malam ya bar duniya babu wanda ya taɓa ganin hotonsa. Inna ta sha cewa fuskar mahaifinta na ɓace mata a hankali, muryarsa ce kawai ta zauna mata daram.

Shagon Kawu ɗan ƙarami ne a bakin hanya. A ciki akwai labule da aka zana wa gidan bene da jirgin sama yana wucewa ta bisa, da kujerar ƙarfe, da furen roba a kwalba. Akwai kuma wani agogon hannu da ya daɗe da tsayawa, wanda yake ara wa samari su ɗaura kafin a ɗauke su. Ranar kasuwa shagon ba ya rabo da mutane. Mutanen Wagini da na Karare kan shigo da jakai, su sayar da wake ko gyaɗa, su sayi gishiri da kananzir, in an sami rara sai a biyo ta wajen mai hoto. Kawu kan tara fim ya kai Katsina a wanke, ya ce a dawo kasuwa ta sama. Wasu su dawo, wasu damina ta riƙe su, wasu su manta. Idan kuma zai tafi Katsina alhali da sauran fim a kyamara, sai ya fito waje ya ƙarasa shi a kan duk abin da ya gani: masu jan ruwa, maƙera, jakai a ɗaure. Mutane su yi ta yi masa dariya, wai yana ɗaukar abin da kowa ke gani kullum.

Na yi aure a Safana, na hayayyafa a can. Unguwarmu kuwa ta yi ta canzawa ba tare da na lura ba, don duk zuwan da zan yi abu ɗaya ne ko biyu zan tarar sabo. Aka yi gidajen bulo, aka ja famfo, aka faɗaɗa hanya. Da wayoyi masu kyamara suka cika gari, Kawu ya rufe shago ya koma noma, daga baya kuma idanunsa suka yi rauni ya zauna gida.

Daminar bara waccan na zo duba Inna, ƙafafunta sun matsa mata. Na yi niyyar kwana biyu, sai aka ce hanya ba lafiya, maigidana ya aiko in dakata tukuna. Ina nan aka yi wani ruwa mai ƙarfi da ya karya rufin tsohon shagon. Kawu ya zo da sandarsa ya ce wa Inna akwai wani akwatin ƙarfe a ciki da yake so a ciro masa kafin ya lalace. Maƙwabta suka taimaka aka kawo shi tsakar gidanmu. Da muka buɗe, hotuna ne cike, baƙi da fari mafi yawansu, waɗanda masu su ba su zo sun karɓa ba, da waɗanda ya ɗauka don ƙarasa fim. Na ƙasa sun jiƙe sun manne da juna, gara kuma ta ci gefen wasu. Muka shimfiɗa tabarmi a inuwa muka baza su su sha iska.

Ba mu yi shela ba. Wata maƙwabciya ce ta shigo aron turmi, ta tsaya tana kallo, ta ga mahaifiyarta a bakin rijiya da tulu a ka. Ta ajiye zancen turmi ta zauna. Kafin la'asar gidan ya cika da mata. Washegari maza suka aiko a kai musu nasu rabon zaure, aka ɗiba a faranti aka kai. Ni da Inna muna daga soro na ciki muna jin su.

A cikinsu akwai tsofaffi biyu da suka shekara suna gardama a kan rijiyar unguwa, ɗaya tsohon marini, ɗaya wanzami. Tun da aka cike ta aka yi gini a wurin, marinin yake cewa tana gabas da masallaci, wanzamin yana cewa a'a, kudu take, daura da durumi. A ranar aka sami hoton da ya haɗa rijiyar da masallacin da durumin gaba ɗaya. Aka miƙa wa wannan, aka miƙa wa wancan. Sai ga shi duk sun yi gaskiya, don ashe masallacin ne aka matsar da shi lokacin da aka sake gina shi da bulo. Wanzamin ya ce shi dai tun farko ya san bai yi ƙarya ba. Marinin ya ce to ai shi ma haka. Aka yi dariya, aka kuma gano cewa shagon da ake cajin waya yanzu a kan bakin rijiyar yake zaune.

A wannan zama na ji tarihin unguwar da ban taɓa ji ba. Marina ne suka fara zama a wurin saboda ruwa na kusa, su ne kuma suka roƙi mahaifin Malam ya zo ya zauna ya koyar da 'ya'yansu, suka gina masa ɗaki da hannunsu. A gindin durumin ake awon gyaɗa a lokacin da gyaɗa ke da daraja, motoci su zo su kwasa. Marinin ya sami hoton kansa tsaye a bakin karofi, hannayensa baƙi ƙirin har gwiwar hannu. Ya riƙa nuna ramukan ɗaya bayan ɗaya yana faɗin mai kowane, da wanda ya gada daga wa. Ya ce a duk waɗanda ke cikin hoton shi kaɗai ya rage. Bai faɗe shi da baƙin ciki ba. Ya ce a ba shi ya kai wa jikokinsa, don ba su yarda ba ne in ya ce musu ya taɓa yin ƙiba.

Akwai wata dattijuwa daga wani ƙauye a yankin Wagini da ke haya a gidan da ke bayanmu. Su da mutanen garinsu sun taso ne bayan 'yan bindiga sun kwashe musu dabbobi sun ƙone rumbuna da ɗakuna. Ba ta cika shiga mutane ba. Rana ta uku ta shigo, ta gaida Inna, ta zauna a gefen tabarma ta ce ita kallo kawai ta zo yi, ba ta da kowa a ciki. Ta daɗe tana ɗauka tana ajiyewa. Can na ga ta riƙe wani ta ƙi ajiyewa. Saurayi ne zaune a kujerar ƙarfen nan, ya ɗora hannu a gwiwa yadda agogon zai fito sosai.

Ta ce, “Wannan maigidana ne. Amma shi bai taɓa mallakar agogo ba.”

Inna ta yi mata bayanin agogon aro. Matar ta yi dariya har ta rufe baki da gefen mayafi, daga nan dariyar ta koma hawaye. Ta ce bai taɓa gaya mata ya ɗauki hoto ba, wataƙila kafin aurensu ne. Ya rasu da daɗewa, tun ana zaman lafiya, kuma 'yan kayansa da ta adana duk wuta ta cinye. Ta tambaya ko Kawu zai yarda ya bar mata. Da aka gaya masa, ya ce ai dama ajiya ce mai ita bai zo ba, yanzu kuwa an zo.

Inna ba ta iya tsugunno, don haka ni nake ɗebo mata tana dubawa a kan gadonta na ƙofar ɗaki. Ran nan da hantsi na miƙa mata wasu, na koma wajen girki. Da na dawo na tarar ta kai wani kusa da fuskarta. Hoton wani saurayi ne da ba mu sani ba, yana riƙe da sabon keke a gaban karofi. Na ce mata ko ta san shi ne. Ta ce ba shi take kallo ba. Ta sa yatsa a can gefe, bayan mai keken. Wani dogon mutum ne ya ba da baya, da buta a hannu, ya nufi masallaci, kafaɗarsa ɗaya ta ɗan karkata.

Ta ce in kira mata Kawu. Ya zo ya zauna a bakin gadon, ta sa masa hoton a hannu, ko da yake ba abin da zai iya gani sai duhu-duhu. Ta kwatanta masa abin da ke ciki.

Ta ce, “Auta, Malam ne. Ga rigarsa mai aska biyu, ko ta baya na san ta, ni nake wanke ta. Da gangan ka yi?”

Ya shafa takardar. Ya ce, “Wallahi Yaya ban san ya shiga ba. Mai keken nake kallo. Da na gan shi a lokacin, da na yaga.”

“To Allah ne Ya sa ba ka gani ba,” in ji ta.

Fuskar ba ta fito ba ko kaɗan, ƙeya ce kawai da rawani. Amma Inna ta ce tafiyar ta ishe ta. Ta yini tana ba mu labarinsa, abubuwan da ban taɓa jin ta faɗa ba: yadda yake raba goro gida huɗu ya ci a yini, yadda yake zuwa gonarsa ta hanyar Karare da ƙafa ya ƙi hawa jaki saboda tausayi, da ranar da ya dawo daga kasuwa ya sayo mata awarwaro ya ɓoye a hula don kada ƙannenta su gani.

Abin ya dame su su biyun, don sun san bai so a ɗauke shi ba. Kawu ya ce in ta ga a ƙone, a ƙone. Inna ta kwana tana tunani. Da safe ta ce ba za a ƙone ba, ba kuma za a rataye a bango ko a yaɗa a waya ba. Ta naɗe shi a ƙyalle ta sa a ƙasan adakarta. Na roƙe ta in ɗauka a wayata, ta ce a'a, duk jikan da ke son ganin Malam ya zo ɗakinta ya gani. Haka ake yi har yau, kuma na lura yaran sun fi zuwa gaishe ta.

Kafin hanya ta yi sauƙi in koma, an raba mafi yawan hotunan. Na unguwa, irin su rijiya da karofi da awon gyaɗa, dattawa suka ce a bar su a hannun limamin yanzu, wanda ke so ya je ya gani. Kawu ya ji daɗin wannan. Kullum sai ya sa a kai shi zauren limamin ya zauna, ana kwatanta masa hoto yana faɗin ranar da ya ɗauka da abin da ya faru, wani hoton ya tuna, wani kuma ya ce ya shige masa. Bayan girbi ya kwanta ciwo na 'yan kwanaki, Allah Ya karɓi abinsa. Mutanen da suka zo gaisuwa da yawa ba mu san su ba, sai su ce ai shi ya ba su hoton mahaifinsu ko na yayansu.

Waɗanda ba a gane masu su ba Inna ta ce in tafi da su Safana, tunda mutanen wannan yanki ma suna cin kasuwar Batsari a da. Ina ajiye da su a cikin gwangwanin alewa. In baƙi sun zo daga ƙauyuka, bayan an gaisa an sha ruwa, nakan fito da su. Kwanan baya wata mata daga Runka da ta zo asibiti ta sauka gidanmu ta ga hoton wata mai goyo tsaye kusa da furen roba, ta ce kamar gwaggonta, amma ba ta tabbata ba. Na ba ta ta tafi da shi ta nuna wa mahaifinta. Ta aiko da mai babur cewa tsohon ya ce ita ce, kuma jaririyar da ke bayanta tana nan da rai a Runka, har ta yi jikoki. An kai mata hoton.