Matar da Ta Koya wa Masu Digirin Digirgir Yin Shiru

Kowace Alhamis, bayan an tashi daga azuzuwa, Dakta Ofelia Barrionuevo takan hau benen ƙarshe na tsangayarmu ta adabi da tarihi, a nan arewacin Ajantina, fulas a hammata, ƙoƙon shayin mate a hannu. Takan buɗe ɗakin da ake jibge karyayyun kujeru, ta zaɓi waɗanda ƙafafunsu suka cika huɗu, ta jera su zobe, ta zauna jiran ɗaliban digirin digirgir. Haka take yi tun gashinta yana baƙi. Bitar nan ba ta cikin jadawali, ba ta da maki. Duk shugaban tsangayar da ya zo sai ya yi alkawarin duba lamarin. Har yau ana dubawa.

Abin da take koyarwa ma abin kunya ne a faɗa. Yadda mutum zai bayyana binciken da ya cinye ƙuruciyarsa kafin mai saurare ya tuna yana da uzuri. Yadda ake neman aiki ba tare da jero masanan Faransa ba. Yadda ake amsa tambayar da aka yi, a bar wadda mutum ya so a yi masa. Jami'a ta koya wa yaran nan karanta komai, sai ta manta ta gaya musu cewa magana tana da ƙarshe. Bara waccan an ɗauko wasu ƙwararru daga Buenos Aires don su gyara wannan. Suka nuna hotuna a bango, suka raba jakunkuna masu tambari, suka koma. A yi musu adalci, jakunkunan suna da ƙarko.

Dokar Ofelia ɗaya ce: ka faɗi abin da kundinka ya gano kafin ƙoƙon shayin, da ake sha bi da bi, ya zagaya ya dawo gare ka. Yawanci takan yi aiki. Sai ga Lisandro Quipildor.

Lisandro ya yi bincike kan waƙoƙin masu saran rake na lardin Tucumán, kuma ya daɗe har masu gadi sun ɗauka malami ne. An ba shi ƙarin wa'adi na ƙarshe: ko ya kare kundinsa kafin shekara ta fita, ko a soke sunansa. Kundin ba shi da laifi. Matsalar bakinsa ce. A gwajin da aka yi masa, malamin da ke duba aikin nasa ya fita shan iska bai dawo ba.

"To, ɗan nan," in ji Ofelia ranar da ya fara zuwa, "me ka gano?"

Ya karɓi ƙoƙo bai sha ba, ya ɗaga shi kamar mai gwanjo. "Malama, kafin mu kai ga rake, dole mu koma ƙarni na goma sha bakwai..."

"Lisandro, sha ka miƙo," in ji Yamila, ɗalibar tarihi da ke gefensa. "Ko aurensa ka yi ne? Ruwa ya huce, mu ma mun huce."

Ofelia ta gwada agogo, ta gwada katse shi, ta gwada zagi cikin ladabi. Duk a banza. Wata rana sai ta ɗora masa fulas a cinya.

"Daga yau kai ne mai zubawa. Bakinka a rufe."

"Malama, kare kundi na zo koya, ba hidimar shayi ba."

"Kundi ka iya shi har ya yi maka yawa. Mutane ne ba ka taɓa gani ba."

Kowa a ƙasar nan ya san mai zuba mate ba ya hutawa. Shi zai tuna wa ke biye, ya ga wanda ya gama, ya lura ganye ya salance, ya gane wanda aka tsallake tun kafin ya ɓata rai. Lisandro ya tsallake Yamila, ta ce za ta rubuta shi a tarihi. Ya ƙona wa wani harshe. Ya juya zagayen baya, ɗaki ya ɗauki ihu. Amma dole ta sa ya fara kallon fuskoki yayin da wasu ke bayani. Wata Alhamis, wani yaro yana ta zuba kan falsafa, Lisandro ya sunkuyo ya yi raɗa:

"Malama, ashe haka kuke yi da fuska idan ina magana?"

"Naka ya fi haka muni, ɗana. Wannan ai sauƙi ne."

Ranar kare kundi, farfesan da aka gayyato daga waje ya tambaye shi me ya gano. Waɗanda suka halarta sun rantse sun ji ƙarni na goma sha bakwai yana tahowa. Lisandro ya buɗe baki, sai ya ga farfesan ya cire tabarau yana murza ido. Ya haɗiye ƙarnin. Ya ce littattafai sun ɗauka masu saran rake suna waƙa don rage gajiya, alhali suna yi ne don daidaita saran adda, kada a bar mai rauni a baya a kore shi. Ya yi shiru. Shirun ya ba kowa tsoro. Farfesan ya mayar da tabarau ya ce, "Ƙara mana bayani." Tunda aka haifi Lisandro ba a taɓa roƙonsa haka ba.

A waje dangi suka rufe shi da ƙwai da fulawa kamar yadda aka saba yi wa wanda ya kammala karatu a nan. Ya ratsa su ya rungume Ofelia, ya gama da rigar sanyinta guda mai kyau.

"Ka ci, Dakta," ta ce. "Sake ni, sakarai."

Ke ce murhun da ya dafa aka yabi tukunya, Ofelia. Sunayen manyan farfesoshi ne a bangon kundayen nan, naki yana shafin godiya, bayan iyaye, kafin kyanwa. Ƙarshen watan nan za ki yi ritaya, tsangaya kuma ta kafa kwamiti don ya yi nazarin wanda zai gaje ki, wato babu. Mun gode, da dukan kunyar da ta kamata.

Ku kuwa daktocin da kuka bi ta hannunta kuka samu abin yi, ba a ce ku yi mata gunki ba. Yammaci ɗaya a mako ake nema. Akwai sababbin ɗalibai da za su tsaya gaban kwamiti baɗi, kuma shekaranjiya an ga ɗaya tana yi wa direban bas bayanin babinta na farko har ya wuce tasha. Wani ya taimaki yarinyar, ko ya ji tausayin direban.