Jinin Gidanmu Ba Ya Son Ƙarfe

Har yau in na ga zabirar wanzami sai in kau da kai. Ba wanzaman nake ƙi ba, sana'arsu suke yi. Mutanen gidanmu ne suka sa mini wannan ƙyamar.

A Rogo nake aure, can na haifi ɗana na fari. Ranar suna wanzami ya cire masa beli kamar yadda ake yi wa kowane jariri, sai jini ya ƙi tsayawa. Aka danna auduga, aka yi tofi, ina! Bakin yaro sai tsiyaya yake kamar tulu mai tsaga. Da kyar muka isa asibiti a Kano aka ƙara masa jini, Allah ya sa da sauran kwanansa.

Wata likita ta zaunar da ni ta yi mini bayani. Ta ce a jinin mutum akwai wani sinadari da ke sa shi ya daskare ya toshe rauni, shi kuwa yarona da ƙarancinsa aka haife shi. Gado ne, uwa ke ɗauke da shi tana yawonta lafiya ƙalau, a kan 'ya'ya maza yake fitowa. Ta tambaye ni ko an taɓa samun irin wannan a dangin mahaifiyata. Na ce sam.

Ashe akwai. Da na je gida Kwanyawa na tarar da Inna tana ɓarar gyaɗa, na kwashe komai na gaya mata. Ko kai ba ta ɗaga ba.

"Ai dama jinin gidanmu ba ya son ƙarfe," in ji ta. "Kawunnanki biyu a kaciya suka tafi."

Na ce, "Inna, kin sani, kika zauna kina kallo aka sa wa jikanki aska?"

"Yo so kike a ce muna da mugun iri? Wa zai auri ƙannenki?"

Tir! Wallahi ranar ko ruwan gidan ban iya sha ba.

Ba a daɗe ba ƙanwata da ke aure a Ƙaraye ta haifi namiji. Ranar suna na hau acaɓa tun da farar safiya. Ina shiga, Inna ta ja ni bayan rumbu tana magana ƙasa-ƙasa.

"Ki rufa mana asiri a gaban surukai. Naki ai bai mutu ba."

Ji fa! Wai bai mutu ba. Mutuwa ce ma'aunin ke nan.

Na fito na tarar wanzami ya riga ya shimfiɗa kayansa a tabarma, uwar mijin ƙanwata na shirin miƙa masa jaririn. Na karɓe shi daga hannunta na ƙanƙame. Na ɗaga murya yadda har mazan da ke zaure za su ji, na ce yaron nan ba mai sa masa ƙarfe sai an auna jininsa. Na faɗi abin da ya sami ɗana, na faɗi yadda kawunnanmu suka rasu. Ƙanwata ta leƙo daga ɗaki baki buɗe, ita ma ashe ba a taɓa gaya mata ba. Wanzami ya yi salati ya naɗe zabirarsa.

Aka kai yaron Kano aka auna. Yana da shi, irin na ɗana sak. Yanzu haka yana nan yana rarrafe, uwarsa na bin sa tana kawar da duk abin da zai yanke shi, kaciyarsa kuma sai a asibiti, da allurar sinadarin nan a kusa.

Amma a ranar sunan, da na ɗauki mayafina zan koma Rogo, Inna ta bi ni har zaure, idonta jawur.

"Kin kyauta," ta ce. "Kin zubar mana da mutunci."

Na ce, "Gara shi ya zuba, Inna."