Tayar da Awaki Suka Ci

Jama'a, yau awaki sun cinye mana taya!

Da safe muka taso daga Zoza a akori-kurar Ɗanladi, za mu ɗaurin auren ƙanena a Rogo, goron yana hannuna. Sai tayar baya ta tsage! Ba safaya.

Na ce, "Ɗanladi, yau za a shafa fatiha ba goro!"

Ya ce, "Alhaji, kwantar da hankalinka." Ya roƙo harawa wurin wani manomi, ya cusa a tayar dam. Muka lallaɓa muka isa!

Muna fitowa daga masallaci, sai ga awaki sun yanyame motar, suna zaro harawar ta tsagar. Taya ta kwanta!

Muka kira mai faci. Ya leƙa ya ce, "Alhaji, ni iska nake sawa. Wannan sai mai kiwo."