Duwatsun Ƙarya na Abi Yangskit

Kafin rana ta taɓa ƙanƙarar kan tsauni, Abi Yangskit ta sha shayinta mai gishiri da man shanu, ta kora awakin ƙauyenmu sama. Haka muka taso muka gan ta. Abin da ya daɗe yana ɗaure mini kai shi ne yadda take tsayawa a hanya, ta ɗora dutse uku, ta wuce.

Ashe saboda dimok ne, tsiron nan mai jar saiwa da muke rina man shanun hadaya da shi. Ba ya saurin girma a busasshiyar ƙasarmu mai sanyi, ga masu haƙa sun yi yawa, sai ya soma ɓacewa. Abi ta san halinmu: ba mai sa fartanya inda aka jera duwatsu, don tsoron iskokin ƙasa. Sai ta bi kowane tsiro ta yi masa alama.

Mu dai mun tsorata. Baƙin da suka zo aikin hanya kuwa ko a jikinsu. Da kaka ake haƙa, bayan ganyen ya bushe ya bi iska, duwatsun ne suka nuna musu wurin. Suka kwashe gangare guda.

Maƙwabcinta Norfel ya tarar da ita bakin ramukan tana kuka.

"Ke kika yi musu jagora, Abi," ya ce. "Saura ki ara musu fartanya."

"Rufe mini baki, miƙo dutsen can," in ji ta.

Daga ranar ta shiga jera duwatsu inda ko ciyawa babu. Masu haƙa suka yi ta tonon tsakuwa har suka gaji suka bari.

Abi, ke ce mai ƙaryar da ta raya tsiro. Bana gwiwa ta hana ki hawa, ga dusar ƙanƙara na rushe duwatsun duk shekara, kuma tsoro nake ji kada dimok ya ƙare. Da na tambaye ki ina duwatsun gaskiyar suke, kika ce, "Ke 'yar nan, bakinki ba ya riƙe komai." Ba ki yi ƙarya ba, ga shi har na rubuta.

Mun gode, Abi. Ku kuma masu sauran gwiwa, duk wanda ya hau tsauni ya sami fili fetal, ya ɗora dutse uku, kada ya gaya wa kowa. Musamman ni.