Motar da Na Liƙe da Ƙaro

A shekarar da aka ba mu mulkin kai, ni ne direban motar yayana. Tsohuwar motar soja ce da ya saya a hannun wani ɗan kasuwa, muna ɗauko mutane da kaya daga ƙauyukan wajen Lafagu zuwa kasuwar Lolo. Ba ta da laifi sai ɗaya. Duk inda ta tsaya sai ta bar tabon baƙin mai a ƙasa, har matan unguwa suka ce gara a saya mata zanen goyo.

Daga kaskon ƙasan inji man yake yoyo, wurin da bakin kaskon ya haɗu da jikin injin. Tsakaninsu akwai gaskit, wato 'yar shimfiɗar da ke hana mai fita, ita kuwa tamu ta daɗe da ruɓewa. Yaya ya gaji da sayen mai. Wata safiya ya tsaya a kan tabon, ya daɗe yana kallonsa.

"Ka ga wanga?" ya ce. "In na ƙara ganin irinshi, sauke injin zan yi in mai da shi na niƙa, kamar yadda mutanen Dahome suka yi da nasu. Kai kuma ka nemi abin tuƙawa."

Maganar ta shige ni, domin ina son a kira ni direba fiye da yadda ya kamata ɗan Musulmi ya so wani abu na duniya. Allah ya yafe mini, ko masallaci zan je sai na rataya tsumman goge hannu a kafaɗa.

Maganin yoyon sananne ne. Akwai wani gam ja a ƙaramin gwangwani, wani mutumin kudu yana sayar da shi a kantinsa a Bagudo, tare da filta, wato matatar baƙin mai. Yaya ya ce in je in sayo duka biyun. To, daga wajenmu ba a zuwa Bagudo sai an ƙetare Kwara a kwalekwale, ga shi ƙarshen damina, ruwa ya cika ya batse. Ni kuwa, a gaɓar kogi aka haife ni, amma tsoron ruwa nake ji kamar akuya. Ban taɓa faɗa wa kowa ba, ko da yake yanzu na gane kowa ya sani.

Sai na ce wa Yaya ai ɓarna ce. Filta dai, na riga na gwada ta tsallaken iyaka. Tana da araha, amma an yi ta ne don motar Faransa, tamu kuwa ta Ingila ce, bakinsu bai zo ɗaya ba, kamar hular wani a kan wani. Tun daga lokacin bargon soja nake yankawa in naɗe in cusa a gidan filtar, kuma yana tacewa lafiya lau. Gam kuwa, na ce, me ya fi ƙaro? Ga shi a jikin itace, Allah ya ba mu kyauta.

"Ƙaro?" Yaya ya ce. "Na tawada?"

"Shi fa, Yaya. Ku dai ku zura ido."

Na kwance kaskon na wanke shi da kananzir. Na ɗora kwalin sabulu a bakinsa, na bi gefe da ƙaramar guduma ina ƙwanƙwasawa a hankali har sabuwar gaskit ta fita da ramukan ƙusoshinta. Na jiƙa ƙaro ya yi kauri kamar kunun kanwa, na shafe kwalin ciki da bai, na ɗaure, na bar shi ya bushe. Da na zuba mai na tayar da inji, ko ɗigo babu. Baƙin mai ba ya cin ƙaro. Wannan gaskiya ce, har gobe ina kan bakana.

Kasuwa ta ci, wata ta ci, ƙasan mota fes. Na shiga bayani a rumfar mai shayi cewa tun da Turawa za su tafi, su tafi da gwangwaninsu. Yaya da kansa ya sa hannu ya shafa kaskon, ya duba yatsunsa, babu ko alamar mai.

Ranar kasuwar da ta biyo bayan bikin mulkin kai muka yi lodi har sama: buhunan shinkafa, kwandunan busasshen kifi, mata a kan kaya. Yaya yana gaba kusa da ni. A can baya kuma akwai gwaggonmu, ƙanwar mahaifinmu, wadda ba ta zama sai tana fuskantar inda aka fito, wai kada jiri ya ɗauke ta.

A hanyar akwai rafi da muka saba bi ta gefensa. Ranar ruwa ya malale gefen, dole muka shiga ta tsakiya. Nan tayoyin baya suka nutse cikin laka. Maza suka sauko, aka sauke buhuna, aka sassaro rassa ana turawa ƙarƙashin taya. Tun hantsi muke fama har rana ta take tsaka, duk lokacin nan ƙasan motar, har da kaskon inji, yana kwance a ruwa. Ni ina kan kujerata ina ba da umarni, ƙafata ba ta taɓa ruwan ba.

Da muka fita aka yi kabbara, muka kama hanya. Ba mu yi nisa ba na ji ana dukan rufin mota.

"Kai ɗan nan! Direba!" Muryar Gwaggo ce. "Wa ka aika ya ja muna layi a hanya? Ko tsoron ɓata kake?"

Na taka birki na sauka. Baƙin layi ya biyo mu tun daga bakin rafi, miƙaƙƙe kamar an ja shi da igiya. Na durƙusa na leƙa. Kwalin ya zama tuwo, ƙaro kuwa babu ko alamarsa. Da Gwaggo gaba take fuskanta kamar sauran mutane, da injin ya ƙone.

Yaya ya tsuguna kusa da ni.

"Ƙanena," ya ce, "in malam ya rubuta allo da tawadar ƙaro, da mi ake wanke shi?"

"Da ruwa, Yaya."

"Rubutu nawa ka sha tun kana goye?"

Mata suka fashe da dariya a saman kaya. Gwaggo ta ce ai motar ma rubutunta ta sha, Allah ya sa ta samu lafiya.

Na ce a ba ni dama ta ƙarshe, gobe zan je Bagudo. Yaya ya ce to, da asuba akwai kwalekwale. Washegari na je bakin Kwara, na dubi ruwan, na dubi jirgin yana rawa, na gaida masu jirgi da kyau, na komo gida.

Yaya ba mai magana biyu ba ne. Aka sauke injin aka kafa shi a rumfa bayan gidanmu, gangar jikin motar ta zama gidan kaji. Ni aka ba aikin niƙan. Ranar da za a tayar da shi na yanko sabon kwali na jiƙa ƙaro. Yaya ya buɗe baki zai yi magana, sai ya ɗaga kai ya dubi rufin rumfar, ya ga ba ya yoyo, ya ƙyale ni.

Shekaru injin nan ya yi bai zubar da ɗigo ba. Na daina komawa gida baƙi ƙirin, na koma fari fat da gari. Gwaggo kuwa har ta rasu, in ta aiko da dawa sai ta ce a kai wa direba, a gaya masa ya bi ta tudu.