Maganganu Uku na Ardis Tollefson

Shekara talatin da ɗaya Ardis Tollefson tana riƙe da jerin lambobin wayar 'yan cocinmu, a wani ɗan garin manoman alkama na jihar Dakota ta Arewa a Amurka. Duk wanda ciwo ya kwantar, daga bakinta muke ji, amma ban taɓa jin ta ambaci mutuwa ba. Mu dama haka muke. Mutum zai karya ƙafa, ka yi masa sannu, ya ce, "Ai da sauƙi."

Magana uku gare ta. In ta ce, "Wane ya ɗan gaji," sai a aika masa katin gaisuwa. In ta ce, "Yana hutawa," a dafa taliya da nama a kai gidan. In kuwa ta ce, "An kira 'yan'uwa," to kowa ya goge baƙar kwat ɗinsa ta zuwa jana'iza. Sau ɗaya ta taɓa kuskure, a kan tsoho Gunderson, wanda bayan an kira masa 'yan'uwa ya tashi ya cinye abincin da aka kai.

Bara, bayan girbi, ciwo ya kwantar da mijinta Orville. Likita ya ce kwana uku, in ya daɗe huɗu. Ɗansu ɗaya ne, Darrel, yana can Arizona, tafiyar kwana biyu a mota. Shekara tara rabonsa da gida, tun ranar da ya ce wa uban shi ba zai gaji noma ba.

Ina zaune a kicin ɗinta ta kira Darrel. Sai da ta tambayi zafin garinsu tukuna, sannan ta ce, "Babanka ya ɗan gaji."

Na jiyo muryarsa yana cewa, "To Mama, ki gaishe shi. Zan aiko kati."

Ta ajiye wayar, ta hau goge teburin da ba shi da datti. Raina ya ɓaci. Na ce, "Haba Ardis, gajiya? Mutumin da ko ruwa ba ya haɗiya? Ko Gunderson kin yi masa adalci fiye da haka."

Ta ce, "To me zan ce masa, Marlys? An kira 'yan'uwa? Maƙwabta ake gaya wa haka. Shi ne ɗan'uwan. Ni ban taɓa yin wannan kiran ba."

Tausayinta ya kama ni. Ta daɗe tsaye da tsumma a hannu, sannan ta sake ɗaukar wayar.

"Darrel, babanka zai mutu. Ka taho yau."

Can ya ce, "Ga ni nan, Mama."

Ya iso ranar Alhamis da la'asar. Orville ya buɗe ido ɗaya ya dube shi, ya ce, "Ka yi ƙiba." Darrel ya ce, "Kai kuma ka rame, Baba." Ya riƙe hannun uban, uban bai janye ba. Washegari da hantsi Orville ya cika.

Ardis ta fito daga ɗakin, ta cire jerin lambobin daga jikin firij, ta miƙo mini.

Ta ce, "Ke ki kira su. Na faɗa sau ɗaya, ya ishe ni."